Wai Amanar Wa Aka Ci?

Yau ƙorafi ne da ni, kuma ba da kowa nake ba sai da marubutanmu na littattafan soyayya, mazansu da matansu, a kan wata kalma ƙwaya ɗaya da suka kama suna ta ja kamar roba har ta kusa tsinkewa. Kalmar nan kuwa ita ce amana.

Duk wadda ta saba da karatun littattafan nan, tun zamanin da ake karɓo su haya a wurin masu tebur har zuwa yau da ake karanta su a cikin waya, ta san da wuya ki gama littafi ba ki ci karo da cin amana ba. Saurayi ya hango budurwarsa tana gaisawa da wani a bakin layi, an ci amanarsa. Budurwa ta ji labarin saurayinta ya je zance wani gida, ta kwanta ciwo, an ci amanarta. Miji ya ce zai ƙara aure, cin amana. Amarya ta fi uwargida iya girki, ita ma maciya amana ce. To wai ni kam ina tambaya, in komai ya zama cin amana, ranar da aka ci ta gaske da wace kalma za mu kira abin?

Bari mu fara duba inda muka samo ta. Aro muka yi daga Larabci, kuma saiwarta ɗaya da imani, da mumini, da aminci, da amini da aminiya, har da sunayen nan namu Aminu da Amina. Dukansu ma'anarsu tana komawa wuri guda, wato kwanciyar hankali, mutum ya saki jiki ba ya tsoron za a cuce shi. Sai dai Bahaushe da ya karɓe ta bai bar ta a sama tana reto ba, ya ɗaure ta da aikatau guda uku waɗanda ko yarinya ƙarama ta sani: a ba da amana, a riƙe amana, a ci amana. Ki lura da wannan na ƙarshen da kyau, 'yar uwa. Ci fa aka ce. Ba a cin iska. Abin da ake ci shi ne abin da aka damƙa miki a hannu, kamar maƙwabciya za ta yi tafiya ta kawo miki buhun geronta ajiya, ta dawo ta tarar kin tuƙa tuwo da shi. Ashe ke nan kafin a ce an ci amana sai an sami mai bayarwa, an sami mai karɓa, an sami abin da aka bayar, sannan akwai ranar da za a ce kawo.

Haka kuwa muke amfani da ita a gidajenmu ba tare da wani ya koya mana ba. Uwar adashi amana ce a hannunta, domin zubin mata ashirin yana kwana a ɗakinta. Dillaliyar da kika ba atamfa ta kai miki gidaje, in ta sayar dubu goma ta ce miki dubu takwas, ba sai an kira malami ya faɗi sunan abin da ta yi ba. Uwa takan kai ɗanta tasha ta ce wa direba, ga amana nan, ka sauke min shi a Gusau. 'Yar riƙo amana ce a hannun gwaggonta, almajiri amana ne a hannun malaminsa. Maganar da ƙawarki ta faɗa miki a ɗaki ta ce kada ta fita, ita ma ajiya ce ko da ba a ganinta da ido. In kuma kin kunna rediyo kin ji an gurfanar da wani bisa zargin cin amanar ƙasa, to kalmar nan ce dai ta sa babbar riga. Har a tarihi ma tana nan: a ƙarni na 19, wasu al'ummomin da ba Musulmi ba da ke maƙwabtaka da masarautu irin su Bauchi da Zazzau sukan shiga amana da sarki, su riƙa kai gaisuwar shekara, shi kuma ya hana a kai musu hari. A nan ma amana yarjejeniya ce mai ɓangare biyu, kowa da abin da ke wuyansa.

A cikin waɗannan misalai kaf, ina so? Babu shi ko ɗis. Uwar adashi ba sai tana ƙaunarki za ta ba ki kwasarki ba. Kuma abin da ya fi wannan, a karatun sira an gaya mana cewa lokacin da Annabi (SAW) zai yi hijira daga Makka a shekarar 622, ya bar Sayyadina Ali a baya domin ya mayar wa mutane ajiyoyinsu da ke wurinsa, alhali garin cike yake da masu neman ransa. Tun kafin annabci ma Al-Amin suke kiransa. Wannan ya nuna amana ba ta jiran daɗin zuciya. Ita ce abin da yake saura bayan daɗin ya ƙare. Malaman fiƙihu kuma sun yi mata ma'auni, ba su bar ta a bakin mai kuka ba: in kayan ajiya suka salwanta ba tare da sakacin mai riƙo ba, babu ramuwa a kansa, amma in ya taɓa su ko ya yi wasarere da su, sai ya biya.

To yanzu mu koma ga littattafanmu da wannan ma'auni a hannu.

Laifin farko da nake gani shi ne an haɗe amana da so an maishe su abu ɗaya. Yaro da yarinya sun haɗu sau uku a soro, ba a kai kuɗin gaisuwa ba, iyaye ba su sani ba, babu wanda ya damƙa wa wani komai in ban da daɗin baki da wasiƙa mai ƙamshin turare. Gobe ɗaya ya sauya ra'ayi, sai marubuci ya cika shafi goma da kukan cin amana. Abin da ya faru yana da sunansa a Hausa. In an yi alkawari an karya, saɓa alkawari ne. In tun farko da ƙarya aka zo, yaudara ce. In kuwa zuciya ce kawai ta juya, to ta juya, ai ba a yi wa zuciya linzami. Kowanne da nauyinsa, kuma marubucin kirki ya kamata ya san wanne zai ɗora wa wane.

Ku dubi Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Ɗan uwan Abu da aka tsayar musu da magana ya juya mata baya saboda ba ta yi boko ba, wannan saɓa alkawari ne, kuma da ciwo. Amma babban ci ba a nan yake ba. Yana wurin uban da Allah ya damƙa wa yarinya, ya hana ta karatu, sannan ya ɗauke ta tana ƙarama ya miƙa wa Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Da a hannun wasu marubutan labarin ya faɗa, da saurayin za a yi ta zagi har bangon ƙarshe, uban kuwa a ce ai uba ne, ba ya laifi.

Illar haɗa amana da so ba a takarda kaɗai take tsayawa ba. In aka koya wa yarinya 'yar shekara goma sha shida cewa riƙon amana shi ne ta maƙale wa saurayin farko ko da sama da ƙasa za su haɗu, to an ɗaura mata dutse a wuya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, littafi ne da ya yi tashe ƙwarai, kuma ni ma ina cikin masu yaba masa, domin ya fito da zaluncin auren kuɗi a fili. Sumayya ta tsaya a kan Muhammad talaka, ta ƙi Abdulƙadir mai dukiya, wannan tsayuwa ce mai kyau. Amma inda ta faɗa rijiya, nan ni da labarin muka raba hanya. Ran da ke jikinta fa? Shi ba ajiya ba ne? A wurina wanda ya fi kowane saurayi haƙƙi a kanta shi ne wanda ya ba ta ran. Marubucin ya yi wa Sumayya sauran kwana, to amma rijiyar gaske ba ta san marubuci ba. Waɗanda suka biyo baya suna kwaikwayo sun ɗauki rijiyar sun bar darasin, sai ka ga kowace jaruma in ba ta sha wani abu ba to ta daina cin abinci har an ɗaura mata ruwa a asibiti, wai duk a cikin riƙon amana ne.

Yanzu ga inda abin ya fi ƙona min rai, wato cikin gidan aure.

Ranar da za a kai amarya, me iyayenta mata suke cewa in sun damƙa ta? Ga amana nan mun kawo muku. Kowace mace da ke karanta wannan ta ji wannan magana da kunnenta, wata ma tana lulluɓe cikin mayafi tana kuka aka faɗe ta a kanta. Kuma ba al'ada ce kawai ba, domin a huɗubar ban-kwana an tunatar da maza cewa bisa amanar Allah suka karɓi mata. To wa aka ba ajiya a nan? Miji da danginsa. Mece ce ajiyar? Ita yarinyar, da lafiyarta, da mutuncinta, da cinta da shanta da suturarta da wurin kwananta. Ashe in ana neman wanda zai fara amsa tambaya a kan amanar aure, mai gida ne.

Amma buɗe littafi ki gani. In mace ta yi kuskure, ko da leƙen taga ne, sunanta maciya amana, kuma marubuci ba zai bar ta ba sai ya haɗa ta da ciwon da ba ya jin magani ko hauka ko haɗarin mota. In kuwa namiji ne ya bar gida babu cefane, ya kwashe wata shida bai leƙa ɗakin uwargida ba, ya sayar mata da sarƙar gado ya yi lefen wata, sai a nemo masa wasu kalmomi masu laushi. A ce sharrin shaiɗan ne. A ce asiri aka yi masa, ba ya cikin hayyacinsa. A ce halin maza ne sai haƙuri. Wallahi asirin nan ya ceci mazaje da yawa a littattafan Hausa, ya fi kowane lauya aiki! Da zarar an tono layar a bayan ɗaki shi ke nan, Alhaji ya wanku tas, ya dawo yana hawaye, laifi ya koma kan amarya da bokanta.

Ita kuma matar, riƙon amanar da ake nema a wurinta an sauya masa kama ya zama shiru. Ta kama kanta, ta tsare masa dukiya da 'ya'ya da sirri, wannan gaskiya ne amana ce a wuyanta, ba na musu ko kaɗan, kuma macen da ta yi wasa da su ta ci amana komai kyanta. Amma a doke ta ta yi shiru, a hana ta abinci ta ce ta ƙoshi, iyayenta su tambaya ta ce lafiya lau, wannan fa? An cakuɗa amana da biyayya da haƙuri an dama su a ƙwarya ɗaya, har yarinya ta tashi tana ganin in ta kai ƙara wurin waliyyinta ta tona asirin aure. Alhali wanda ya ba da ajiya yana da ikon ya zo ya duba halin da take ciki. Uban da ya ce ga amana, in ya ji ana cin ta, haƙƙinsa ne ya sani.

Shi ya sa har gobe nake ɗaga wa Alhaki Kuykuyo Ne hula, shi ma na Hajiya Balaraba, 1990. Rabi ta shafe fiye da shekara ashirin a gidan Alhaji Abdu, 'ya'ya tara, tana ta maneji da ɗan abin da yake jefa mata. Ya ɗauko Delu, macen bariki, ya aura, rigima ta tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Marubuciyar ba ta ɓoye halin Delu ba, ta nuna ta da bin wani namijin tana gidan aure. Amma ba ta yarda Delu ta zama labulen da Alhaji Abdu zai ɓuya a baya ba. Da hankalinsa ya yi abin da ya yi, kuma kwikwiyon shi ya biyo har gida, gobara ta cinye masa shago, ya wayi gari ba shi da komai. Rabi kuwa da sana'ar abinci ta riƙe yaran nan har ta aurar da Saudatu gidan mutunci. In kina neman hoton riƙon amana a adabinmu, ga shi nan: ba kuka a kan gado ba, mace ce a gaban murhu tun asuba saboda bakuna tara da aka bar mata.

Ƙarshen littafin ne mata da yawa ba sa so, inda aka taru aka matsa wa Rabi ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta bayan ya tsiyace. Na sha jin ana cewa marubuciyar ta ba da mata. Ni ban gan shi haka ba. A nawa karatun, ta ajiye mana madubi ne: ga wanda ya ci amana an yafe masa ba tare da ya biya ba, ga wadda ta riƙe an ƙara mata wani kayan a kai. Ba daɗi, amma wace ce a cikinmu ba ta san wata Rabi a unguwarsu ba? (Af, littafin nan an mai da shi fim a 1998, kuma Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a ƙasar Indiya a 2012. Ga wata amanar kuma da ba a cika maganarta ba, ta mai fassara da mai shirya fim, waɗanda aka damƙa wa labarin wani su kai shi wani wuri ba tare da sun rage mudu ba. Wannan sai wani jiƙon.)

Sai batun kishiya, wanda na san nan ne wasu za su ajiye littafin nan su harare ni. Shin ƙarin aure cin amana ne? Ni dai a fahimtata, shi kansa auren ba shi ne cin ba. Ciwo ne, kishi ne, kuma kishi kumallon mata ne, babu mai raina shi sai wanda bai ɗanɗana ba. Amma cin amanar yana cikin yadda ake yin sa. Mutumin da kuka tara tare tun yana ɗaki ɗaya, kika sayar da gadonki da kwanukanki kika ba shi jari, ya rantse miki zai mayar, ranar da ya samu sai ya kai kuɗin gidan wata, wannan ya ci, domin akwai abin da aka damƙa masa. Wanda ya tauye miki kwana, ya rage miki cefane don ya cika wa amarya firji, ya ci. Wanda ya bar ki kika ji labarin ɗaurin aurensa a bakin 'yan biki, ya ci mutuncin da aka ba shi ajiya. Marubutanmu da yawa ba sa tsayawa su rarrabe wannan. Wasu su la'anci auren ɗungurungum, wasu kuma su wanke mijin ɗungurungum su ce ai sunna ya raya, uwargida ce mai baƙin kishi. Duka biyun sun huta da tunani. Mai karatu kuwa, wadda wataƙila a daren nan ake jere a ɗakin da ke kallon nata, ba a ba ta abin da za ta riƙe ba, ba ta san wanne ne haƙƙinta da za ta tsaya a kai ba, wanne ne kuma zafin zuciya da lokaci zai rage.

Akwai kuma tsohon labarin nan da ba ya tsufa, na aminiyar da ta aure mijin aminiyarta. A nan kam na yarda da marubuta, kalmar ta zauna daram. Ba don ta auri mijin ba kawai, sai don da me ta same shi. Ke kika buɗe mata ɗakinki, kika gaya mata abin da yake so da abin da ba ya so, da inda kuke samun saɓani, ita kuma ta tattara wannan duka ta yi jari da shi. Sirri aka ba ta ajiya ta ci. Sunanta ma aminiya, daga saiwar amana, kin ga kuwa abin ya zo da nauyi biyu. Inda nake da ja shi ne, a irin wannan labari shafi ɗari ake yi ana tsine wa aminiya, shi kuwa gogan da ya san sarai ƙawar matarsa ce, ya bi ta ta bayan gida, ko layi biyu ba ya samu. Sai ka ce kaza ce aka ɗauke a tsakar gida ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Daga nan sai a rufe da gargaɗin cewa mace kada ta yarda da mace. To in matar aure ta rabu da ƙawaye, ta rabu da maƙwabta, an riga an ce kada ta kai ƙara gida, ranar da abu ya ɓaci wa za ta nufa?

Masu rubutu a waya na yanzu, waɗanda suke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, sun gaji wannan kalma daga iyayensu na zamanin Raina Kama, har sun ƙara mata gishiri. Yanzu duba wayar miji a ga saƙon wata shi ne ƙololuwar cin amana, a yi babi biyar a kansa. Ban ce ba laifi ba ne. Amma a cikin labarin nan guda za ki ga 'yar aiki ƙarama da aka ɗauko daga ƙauye, uwarta ta ce ga amana, tana kwana a kicin, ba makaranta, jarumar tamu tana marinta in ranta ya ɓaci, kuma marubuciyar ba ta ga komai a nan ba. Ta wuce shi kamar labule. Hajiyar da muke taya kuka an ci amanarta, ashe ita ma da wata amanar a bakinta tana taunawa, yarinyar ko suna ba a ba ta ba a littafin, daga "ke" sai "waccan".